Layin Niƙa

Ƙarfe biyu na dare a Sheffield.
Ruwa na bin gilashin taga kamar baƙon da ya ɓata hanya.
Na ajiye aikina a layi,
lamba ta ɗari biyu da sha ɗaya.

Injin ba a garin nan yake ba.
A hoto kawai na san shi:
baƙaƙen akwatuna jere cikin ɗaki mai sanyi,
can arewa, inda aka ce tumaki sun fi mutane yawa.
Na kowa ne, don haka kowa sai ya jira.

Ina yarinya a Funtuwa
Inna Barira kan aike ni gidan niƙa.
Ka ajiye kwanonka bayan na wani,
ka danne murfin da dutse, ka koma gefe kana gadi.
Mai injin bai riƙe sunan kowa ba,
kwano ya sani.
Ga ni yau da digiri uku, ina gadin kwano.

A gabana akwai mai auna nisan taurari,
da wata mai bin sawun cuta a cikin jini,
da wani da ya jibge buhu guda, Allah ya shirye shi.
Ni ruwa na kawo niƙa,
ruwan sama na shekara sittin,
in ga ta wace ƙofa kogin Don zai shiga wa mutane
ranar da ya tashi da fushi.

Shafi talatin muka rubuta kafin a kula mu,
ni da Gethin a Aberystwyth, da Morag a Dundee,
da wasu biyu da muryarsu kaɗai na sani.
Kwamiti ya zauna, ya gutsire abin da zai gutsire,
ya ba mu awa dubu arba'in mu raba.
Muka ce mun gode.

Na san inda kuɗin ya fito.
Direban bas ɗin da ke jira na in na makara,
matar da ke soya kifi da dankali a kwanar titinmu,
harajinsu ke juya fankokin can.
Jiya na so in gaya mata da ta miƙo min canji,
sai na ji bakina ya ce, ƙara min gishiri.

Ranar Laraba na yi ɓarna.
Waƙafi ɗaya na manta, a layi na ɗari tara.
Injin bai tambaye ni ba,
ya kwana yana niƙa tsakuwa,
awa dubu shida na jama'a suka bi iska.
Na rubuta saƙon ban haƙuri sau huɗu ina gogewa.

Morag ce ta fara amsawa:
ɗebi dubu biyu daga rabona,
bara ni na ƙona dubu goma, kuma ba wanda ya mutu.
Gethin bai ce komai ba,
ya gyara layin, ya turo da hoton karensa cikin taɓo.

A gida gayya muke cewa,
yau gonarka, gobe tawa.
Sai dai a nan babu fura, babu mai ganga,
kowa na ɗakinsa da rigar sanyi,
ana huɗa kunya ɗaya daga garuruwa biyar.

An ce kuɗin zai ƙare a watan Maris.
Ko za a sabunta, sai wanda ya gani.
Kogin dai bai san watan Maris ba.

Lamba ta tara. Ta huɗu.
Mai taurari ya kwashe garinsa ya tafi,
ko sallama ba mu yi ba.
Gab da asuba allo ya ce an zuba nawa.
Na sake duba waƙafin, yana nan.
Na ɗora buta a wuta.