Wake Ɗaya

Wuta ta ɗauke tun asuba,
keken ɗinkina ya yi gum kamar mai fushi.
Na bar wa Tanko shago da almakashi.
Yau Juma'ar Ista, Ikko ta sassauta ɗamara,
bari in taka ta da ƙafa, in ji me take dafawa.

Obalande. Nan aka binne cibiyata, bayan bariki.
Kakana soja ne, ya zo da bindiga da butar alwala,
butar ce ta rage mana.
Tukubar Ɗan'asabe ba ta farka ba,
toka ce kawai da ƙamshin yajin jiya.
Sai Agali, Buzun Tawa, a ƙarƙashin gada,
yana tsiyaya shayi daga sama har ya yi kumfa,
motoci na tsawa bisa rawaninsa, ko gezau.

A kwana na ci karo da Afiwa, 'yar Togo,
tukunya a ka, gammo ya jiƙe da manja.
Ta sauke, ta zuba min wake ya narke lugub,
ta malala masa baƙin yaji mai ɗacin ƙuna.
Na tsaga burodi na dangwala.
Ta ce uwarta ta yi tallan nan shekara talatin,
har wuyanta ya shige kafaɗa.
Ban sami abin cewa ba. Na bar mata canjin.

Na miƙe har Kampos,
inda tagogi ke da gira, fenti na zuba kamar ƙaiƙayi.
Tsoho Damasiyo na zaune a dakali, ya san ni,
ni na rage masa wandon da ya sa a jana'izar matarsa.
Ya ƙwala kira, jikarsa ta fito da kwano.
Firijon, in ji shi. Sau ɗaya a shekara.
Wake da madarar kwakwa, har da sukari!
Ni da na san wake da mai da yaji,
harshena ya tsaya yana tambayar hanya.
Ya ce an fita da kakanninsa a cikin jirgi, a ɗaure,
suka dawo daga Barazil da cokalin gini da wannan girki.
Ya nuna bango: hannunsu ne.
Bangon ya tsage, wata bishiya ta tsiro a ciki.

Ladan ya kira, na wanke baki na bi sahu.
Da aka sallame, cikina bai ce amin ba tukuna.

Idumota. Turereniya, kafaɗa na gaida kafaɗa.
A lungun masu yadi wata 'yar Gana, Ekuwa,
ta buɗe kula, tururi ya tashi ja.
Na ce me sunansa?
Ta ce wace.
Na ce me?
Ta ce wace, shinkafa da... ta nuna da ludayi.
Dariya ta kusa kayar da ni.
Wake ne fa! Namu ne!
Kalmar da ta bi fatake zuwa Gwanja neman goro,
ta yi aure can, ta rina jiki da karan dafi,
yau ga ta a Ikko da taliya da ƙwai a ka,
ta dube ni ba ta gane ni ba.
Ekuwa ta ce an taɓa korar uwarta daga garin nan,
da kayanta duka a jaka ɗaya mai ratsi.
Ta ce: ga ni kuma. A ƙara maka yaji?

Na isa bakin ruwa da la'asar sakaliya,
silifas ya tsinke, na ɗaure shi da zaren aljihu.
Kwale-kwale na sauke wasu baƙin, da ƙunshinsu.
A gida an ce wake ɗaya kan ɓata gari.
To wane garin, na tuwo ko na zama?
Wannan dai da wake aka riƙe shi.

Waya ta yi ƙara. Tanko ne: an kawo wuta,
mai kaftani na jira, ya fara faɗa.
Na ce ya ba shi kujera.
Akwai ɓawon wake maƙale a haƙorina,
ina tafe ina taɓa shi da harshe,
ban san na wace ƙasa ba ne.