Hatimin Meri

Mu arba'in da bakwai ne a Kasuwar Dole,
muna ƙarƙashin buhu tun ladan bai gyara murya ba.
Geron Tanut, albasa, kantun gishirin Bilma,
duk abin da Damagaram ta ci, ta gadon bayanmu ya wuce,
ba a taɓa tambayar bayan yadda ya kwana ba.

Ran da buhun wake ya karya ƙugun Mato
muka taru gindin dogon yaro, muka ce a kafa sandika.
Kyari ya yi lakwal, shi ya karanto mana doka:
a jera sunaye, a tsara ƙa'ida,
a kai meri, a jira hatimi.
Ni aka miƙa wa gwangwanin madara, wai ni ne ma'aji,
dala ashirin kan kowa duk Alhamis.
Na ɗauki siminti, na ɗauki ƙarfe,
ban ɗauki abin da ya kai gwangwanin nan nauyi ba.

Muka kai takarda, aka ce mu komo jibi.
Jibi ta haifi wata, wata ya yi jikoki.
Mai hatimi ya tafi Yamai.
Mai hatimi yana gidan gaisuwa.
Mai hatimi ya zo, makullin durowa ne bai zo ba.
Damina biyu muna goge bencin meri da wando,
in mun ce za mu aje kaya, a ce da wane suna?
Wanda ba shi a takarda, ko ya yi ihu bai yi magana ba.

Sai ga zaɓe.
Saura sati uku, mota mai baƙin gilashi
ta biyo layin 'yan albasa tana neman mu.
Ga takardarmu, hatimi ko bushewa bai yi ba,
ga sukari, ga shayi, ga turmin atamfa
da fuskar wani mutum yana dariya a kowane yadi.
Kyari ya ce, doka ta raba sandika da parti.
Mai babbar riga ya ce, wa ya kira siyasa?
Wannan zumunci ne, ba ku san zumunci ba?

Kashegari na ɗaya gefen suka iso,
su kuma dokar za su sake, in sun hau.
Ina jin yaronsu yana lissafi a bayan mota:
arba'in da bakwai, da matansu, da samarin gida...
Yadda ake taya raguna ana gobe layya,
sai dai mu haƙoranmu ne ba a duba ba.

Nomau ya sa hular waɗancan, Ɗan Jimo ya ɗaura ƙyallen waɗannan,
mutanen da suka ci tuwo kwano ɗaya shekara goma
suka koma sallama da haɓa.
Gwamma matar Mato ta tare ni bakin famfo,
ta ce, ma'aji, maɗori na jiran kuɗinsa.
Na zazzage gwangwani a tafinta.
Ba fuskar kowa a jikin kuɗin,
ba kuma wanda ya ce ta rantse kafin ta karɓa.

Daren zaɓe aka rasa masu loda akwatuna.
Aka zo mana: jaka guda, ku duka.
Na dubi Nomau, Nomau ya dubi Ɗan Jimo,
yatsun kowa da shuɗin tawada, ba ka gane na wa ya bi wa.
Kyari ya zaro takardar daga aljihu, ya buɗe ta a hasken tocila.
Jaka biyar, muka ce, baki ɗaya, ko akwati ya kwana nan.
Aka yi waya. Aka yi tsaki. Aka biya.

Na saɓa akwatin a kafaɗa, ko rabin buhun dusa bai kai ba.
Muryar unguwa guda ke ciki tana ƙwas-ƙwas,
har da tawa,
wadda har yau ban gaya wa kowa inda na jefa ta ba.