Kafin Ka Sauka a Ƙasar Masara

Tanimu, matso kusa da garwashi,
ruwan Jos ba ya sallama.
Mai gashin Farin Gada ta ba mu biyu,
ɗauki mai laushin ka saurara.

Masarar nan da ke hannunka,
daga Meziko kakanninta suka taso.
Gidansu za ka. Tafi da kunyar suruki.

In ka shiga, kar ka watsa gaisuwa ɗaya
kamar mai ba kaji tsaba.
Bi su ɗai-ɗai, har yaron bayan kujera,
ranar fita ma haka.
Mace za ta miƙo kunci, kar ka zabura.
Ni hannu na ɗora a ƙirji na rusuna,
Donya Amparo ta gane, har ta koya.

Sun ce walima ƙarfe bakwai, na je bakwai cif.
Na tarar da matar gida da tsintsiya,
ni da karensu muka zauna kallon juna.
Suna da kalma, "awrita", wai yanzun nan:
ƙanwar "ina zuwa" ɗinmu ce,
uwa ɗaya uba ɗaya.

Furen nan mai ruwan ɗorawa, bar shi a kasuwa.
Na kai shi tsaraba ina washe baki,
ashe na matattu ne.

Tambayi wake da wane kitse aka soya,
amma da fara'a, ban da yatsina.
In sun ce barkonon ba zafi,
tuna ni, ɗan attarugu, na zub da hawaye.
Kuma ba a ci a tashi.
Kwano ya ƙare, hira ta fara,
wanda ya duba agogo ya zagi girki.

Akwai daren da suke jera hotunan mamatansu,
da kyandir, da burodi, da abin da mamaci ke so.
Ba namu ba ne. Ban yi ba, ban kuma yi dariya ba.
Tsohuwar ta ce, "Kai wa ka rasa?"
Na ce Inna.
Ta maimaita sunan a hankali,
kamar mai ɗaukar ƙwai.

Ruwa ya tsagaita, ga Keke can.
Jefa totuwar.
Ga ƙullin acca, ka kai mata,
ka ce daga wanda ya zo da wuri.