Mudu Biyu na Kalwa

Kalwa na auno a kasuwar Kumo, mudu biyu.
Mai awo ta ce, "Daddawa za a kaɗa?"
Na ce a'a, karatu zan yi da ita.
Ta yi dariya har ta ƙara mini gyara,
ta ce boko ya iso tukunyar dahuwa.

A Tudun Wada, ɗaki na uku a saman bene,
na ɓare, na niƙa, na tankaɗe,
na cire mata mai, na jiƙa garin a ruwan gishiri.
Ƙarfe biyun dare wuta ta ɗauke, firji ya yi shiru.
Malam Manu ya sayo ƙanƙara da kuɗin aljihunsa,
muka zauna gadin kwalba kamar masu jinya,
yana gyangyaɗi, ina duban agogo,
har gari ya soma wayewa.

Inji ya wulwula ta, tsaki ya kwanta ƙasa,
ruwa ya taso fatsi-fatsi kamar jiƙon tsamiya.
Furotin ya fi ɗari a cikinsa,
ni ɗaya nake nema:
lektin, mai hannun kama sukari,
wanda ba ya riƙe kowace ƙwayar halitta
sai ya laluba fuskarta tukun,
kamar makauniyar da ke gane jikoki da shafawa.

Na tsiyaya ruwan a dogon bututun gilashi.
Baƙi suka wuce, ɗigo bayan ɗigo.
Shi ya maƙale.
Sai na aika masa sukarin da ya fi so,
ya saki, ya biyo shi ƙasa
kamar ɗan akuyar da ya hango dusa.
Kwalba ta sha bakwai ce masaukinsa.
Na rubuta lambar, hannuna na rawa.

Farin zomo mai karyayyen kunne
ya ba mu jini, bai cika cokali ba.
Inda babu lektin, jinin ya dunƙule a gindi kamar maɓalli.
Inda yake, ya bazu kamar tabarma,
ƙwaya riƙe da ƙwaya, ba mai rabuwa.

Na ba shi tsami, ya jure. Na ba shi kanwa, ya jure kaɗan.
Zafi hamsin, sittin, bai ce uffan ba.
A saba'in jikinsa ya yi sanyi.
A tamanin ya daina kamawa.

Nan na tuna Goggo Hajjo.
Shekara arba'in tana tafasa kalwa a Deba,
yini guda wuta na ci ƙarƙashin tukunya,
tana kashe abin nan da nake lallashi
ba ta san sunansa ba.
Sankara ta kama ta a nono na hagu.
Damina biyu tana ɗaure zane har hammata,
tana ce mana maruru ne.
Ranar da ta kwance mana, likita ya sunkuyar da kai,
babu sauran abin yankewa.

Ƙwayoyin cutar da nake gwadawa
daga nesa aka aiko su cikin ƙanƙara,
sunansu haruffa da lamba,
amma na wata mata ne, mai dangi ita ma.
Na ɗiga musu abin da ke kwalba ta sha bakwai.
Kwana biyu na leƙa ta madubi:
wasu sun tsuke, sun saki gindin faranti,
suna yawo kamar ƙaiƙayi bisa ruwa.

Na ruga wurin Dokta Talatu.
Ba ta ko cire tabarau ba.
"Nawa cikin ɗari?" Na ce arba'in da ɗaya.
"Masu lafiya fa?" Na ce su ma sun taɓu.
Ta ce, "To kar bakinki ya ce magani.
Ruwan sabulu ma na kashe su a faranti,
faranti kuwa ba mutum ba ne.
Sau uku za ki sake, kafin mu yi maganar rubutawa."

Na dawo na wanke bututu.
Sauran mudu ɗaya na buhu ƙarƙashin tebur.
Na jawo kujera, na ɗebo tafi guda.
Goggo da haƙori take gwada ta ko ta bushe.
Na gwada. Ta bushe.
Na soma ɓarewa.