Bara

A Kakuri, zamanin da masaƙa ke numfashi,
aka turo mana Bature ya duba injin rini.
Ya ce sunansa Idris.
Muka kwashe da dariya: wa ya yanka maka rago?
Ya ce can Wales ma suna ne,
har wani dutse na amsa shi.

Wata tara yana cikinmu.
Ya iya "sannu", ya iya "na gode",
da "ina kwana" da yake mana da la'asar sakaliya.
In ba ka gane shi ba sai ya ɗaga murya,
kamar kunnenka ne ya toshe,
alhali bakinsa ne mai ƙofa ɗaya.

Mu kuwa a ɗakin injin,
Shekari na zagin ƙusa da Katafanci,
ya juya ya roƙi sifana da Yarbanci,
Mama Nkechi mai abinci na bin mu bashi
da Hausar da ta fi ta Zazzau kaifi.
Idris ya tsaya, baƙin mai har gwiwar hannu,
yana ƙirga harsunanmu da yatsu.

Ya ce: shekara biyar ana ɗura min Faransanci,
abin da ya rage ba zai sayi shayi ba.
Duk ƙasar da muka sauka an riga an koyi namu.
Wanda ake kai wa ruwa har ɗaki
yaushe zai san hanyar rijiya?

Wani dare, teburin mai shayi, kusa da tashar jirgi,
aka yanko masa burodi.
Ya juya shi a hannu, ya ce, "Bara."
Na ce a'a, na yau ne, da ɗuminsa.
Ya yi dariya har ya ƙware.
Ya ce haka kakarsa ke kiran burodi,
ita kuma yana kiranta Nain.

Tana yarinya, in ji shi, a makarantar ƙauyensu
wanda ya yi yaren gida a rataya masa katako a wuya,
wanda aka tashi yana wuyansa, shi ke shan bulala.
Ta girma ta naɗe harshen kamar zanen aure
ta sa a ƙasan akwati.
Abin da ya iso hannun jikanta:
burodi, ruwa, sai da safe,
da wata kalma da ake faɗa wa yaro in ya faɗi.

Na yi shiru, shayina na hucewa.

Mahaifiyata 'yar Gbagyi ce,
daga ƙauyen da garin nan ya haɗiye bai tauna ba.
Tana min magana da nata, ina amsawa da Hausa,
har ta gaji ta biyo ni.
Ba wanda ya rataya min katako.
Ba Turanci ne ya cinye nawa ba,
wannan ce da nake rubutu da ita,
wadda nake so, wadda nake mafarki a cikinta.
Ban faɗa masa ba. Na biya kuɗin shayin.

Masaƙa ta mutu, ciyawa ta gaji injin.
Wasiƙarsa ta ƙarshe ta ce jikarsa na makaranta
inda har lissafi da harshen Nain ake yi,
kuma tana gyara masa lafazi ba tausayi.

Jiya tawa jikar, Talatu, tana wanke kofi,
ta ce, "Kaka, yaya babarka ke cewa ruwa?"
Na buɗe baki.
Na ji muryarta sarai, na ga tulun a kafaɗarta,
kalmar ce kawai ba ta zo ba.

Gobe zan je wurin mata masu doya a bakin titi
in tsuguna in tambaya.
Da Hausa zan tambaya.