Ɗinkin da Ba Nawa Ba

Shekara arba'in ina huda fata a Shiyar Madunka,
jar akuya, baƙin rago, basilla da zare,
har ranar da anka kwantar da ni, anka huda tawa.
Ƙasan ƙashin wuya, ta hagu, anka yanka aljihu,
anka zura wani abu da bai kai akwatin ashana ba,
anka ce shi zai riƙa tuna wa zuciya aikinta.
Na duba ɗinkin a madubin ɗiyata Luba,
na ce, yaron ga da zai zo rumfata, da na ɗauke shi aiki.

Wata bakwai muna zaman lafiya da baƙona.
Ba ya cin tuwo, ba ya neman tabarma.
Na koma zuwa Juma'a da ƙafa
ba tare da na jingina da bangon kowa ba.

Sai ran Talata riga ta soma gugar wurin.
Na ce bazara ce, zufa ce.
Laraba ya tashi kamar ƙwan zabo.
Alhamis ya yi ja,
irin jan da nake biyan kuɗin karan dafi in samu,
ga sheƙi, ga zafi in na ɗora tafi,
kamar katangar yamma bayan la'asar.

Arzika na rumfar kusa ya leƙa, ya kaɗa kai:
maruru ne, bari ya nuna, wanzami ya sa aska.
Ya miƙo garin bagaruwa a ƙullin leda.
Na karɓa, na yi godiya, na tura ƙasan akwati.
Bagaruwa na san ta tun ina ɗan koyo,
fatar da rai ya bari take gyarawa.
Tawa da sauran mai ita a ciki.

Amma ban tafi ba. In faɗi gaskiya, tsoro.
Ni na san fata:
in ɓarna ta soma daga ciki,
waje ne ke zama na ƙarshen ba da labari.

Luba ce ta gani, wurin wanki,
ɗigo rawaya a ƙirjin farar taguwa.
Ba ta tambaye ni ba, katin asibiti ta ɗauko
ta ajiye kan buzuna.
Daren nan, a Sakkwato, a watan da kwalta ke narkewa,
na ce a rufa mini bargo.

Da asuba munka tare ɗan kabu-kabu.
Kowane rami, hannuna na kan aljihun nan
kamar mai ɗauke da kuɗin amana.

Likita Jabbi bai yi faɗa ba, da ma ya yi.
Ya zagaye jan da biro, ya rubuta ƙarfe nawa.
An matsa? Na ce a'a. An shafa wani abu? A'a.
Ya sauke numfashi.
Ya ce akwai waya daga nan har cikin zuciya,
cuta kuwa tana bin waya
yadda kiyashi ke bin igiya zuwa ƙwaryar zuma.
Sunka ɗebi jini kwalba biyu.
Ya ce, Malam Haliru, in ta tabbata,
ba faci za a yi ba, farkewa za a yi,
a fitar da shi duka, a jira, a sake ɗinki ta dama.

Na gane. Ni ma ban taɓa ɗora sabon zare
kan rubabben gefe ba.

Yanzu gado na huɗu, kusa da taga.
Ruwan magani na ɗiga, fanka na juyi da kasala.
Akwai jaka shida a rumfa da ban sa wa baki ba,
mai su zai zo Asabar, ya tarar da Arzika.
Baƙona yana ƙirga mini bugu, bai san ana shawarar korarsa ba.
Luba ta yi barci a kujera, mayafi a fuska.
Ni kuwa na ɗaga wuyan riga a karo na nawa,
ina duba ko jan ya tsallake layin biro.