Gurbi Ɗaya

Badi'a ta same ni bayan la'asar
ina tsugunne ina ɗauraye buta.
Ta ce, "Baba, an ba mu kalmar Turanci,
filatin, wai a nemo ta da Hausa,
ga gurbi ɗaya inda za a rubuta."

Na ce, me malam ya ce take nufi?
"A mai da abu bai ɗaya, ba tudu ba kwari."
Na yi dariya har ruwana ya zube.
Gurbi ɗaya, ɗiyata?
Ai rijiya aka ce ki juye a moɗa.

Je ki tambayi kakarki Tabawa
ranar da aka gama ɗakin da kike kwana.
Mata goma sha biyu a durƙushe,
ga tsakuwa, ga ruwan makuba, madaɓi a hannu,
tun hantsi har inuwa ta juya,
sai da ƙasa ta yi santsin bayan ƙwarya.
Wannan shi ake kira daɓe.

Nalado na Ƙofar Guga fa?
Garwashi a cikin ƙarfe, ruwa a kumatu,
ya fesa wa shadda, ya bi ta a hankali.
Ba ya daɓe riga. Gogewa yake.
Kawunki Sada kuwa, in baƙin rini ya hau gungume,
daga masallaci kina jin dim, dim, dim,
su huɗu, ba mai shiga hannun wani,
har zane ya ɗau ƙyallin wuyan tattabara.
Bugu ke nan, kuma ba faɗa ba ne.

Mati mai kilishi yana warware tsoka da wuƙa
kamar mai kwance rawani,
sai kin hango rana ta cikinta
kafin ya shimfiɗa ta ta sha iska.
Ni kaina shekara talatin ina bin jikin mota da guduma,
inda ta lotsa in lallaɓa in miƙe.
Kowace da irin hannunta,
wata da lallashi, wata da nauyi,
wata sai an haɗa da waƙa.

Ta ciji bironta, ta dubi ƙasa,
ta rubuta daɓe, saboda kakarta.

Sati uku ba su cika ba
muka tashi da jan fenti a bangon zaure
da takarda mai hatimi, duk Turanci.
Badi'a ce mai karatun gidan.
Tana tafe tana fassara, za a faɗaɗa hanya,
daga kwalbati zuwa gindin darbejiya,
sai na ji ta yi shiru.
"Baba," ta ce, "ga ta nan kuma."

Ban tambayi wace ba.
Wannan karon ba makuba, ba garwashi,
ba mai fesa ruwa kafin ya taɓa.
Muna da sunansa shi ma: rushewa, bajewa.
Ashe wanda ya tsaya daga nesa
ƙarshen aiki kawai yake gani, shafaffe,
shi ya sa kalma ɗaya ta ishe shi.

Katafila ta zo ranar Talata.
Zaure ya tafi, rumbu ya bi shi,
ɗakin Tabawa bai kai minti biyar ba.
Da ƙura ta lafa muka taka mu duba
ko da sauran abin ɗauka.

Tsohuwa ta sa ƙafa ta share ɓaraguzai.
Ga shi nan, ja wur, ko tsagewa babu.
Bakin ƙarfen ya bi ta kansa ya wuce
bai sami abin kamawa ba.
Ta durƙusa da ƙyar, ta shafa shi da tafi,
ta dubi direban da ke shan ruwa a inuwa,
ta ce, "Yaro, nan kam mun riga ku."